Neman kalma: me za mu riƙa kiran "drone" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Ina rubutu a kan takaddamar da ake yi a Amurka tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi game da abin nan da Turawa ke kira drone, sai na cije a jimla ta biyu. Abin da na rubuta shi ne: "matuƙin jirgi marar matuƙi sai ya ci jarrabawa." Ku sake karantawa. Ko ɗan firamare dariya zai yi mini.

Kuma dokar ma kacokan a kan matuƙin take. Tun watan Agustan 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta tarayya, FAA, ta ce duk mai tashin irin wannan na'ura don sana'a sai ya kai shekara 16, ya zauna jarrabawa, ya karɓi lasisi. Kada ya wuce ƙafa 400 a sama, kuma idonsa na kan na'urar. To ina rashin matuƙi a nan? Yana nan tsaye a ƙasa da rimot a hannu.

Ga wata matsalar. Bahaushe in ya ji "jirgi marar matuƙi", tsohon sansanin Amurka na Agadas ne ke faɗo masa, ko abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba wanda zai kawo ɗan abin nan mai farfela huɗu da ke zuwa ɗaukar hoton biki, yana ƙugi bisa kan amarya, yara na binsa da ihu. Wannan ƙaramin nake nema wa suna.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya rubuto: "Malam, a ce jirgin leƙe mana, ai aikinsa ke nan." Wallahi ya yi daɗi a baki, na so in karɓa. Amma da na dubi rigimar da kyau sai na ga sunan ya yanke hukunci tun ba a shiga kotu ba, domin abin da ake jayayya a kai ke nan: shin wucewa ta saman gidan mutum leƙe ne?

Tarayya ta ce sararin sama nata ne. Jihohi suka ce gida da sirrin mai gida nasu ne. Florida ta hana ɗaukar hoton mutum a cikin gidansa da irin wannan na'ura don sa masa ido ba da izininsa ba. Texas na da doka mai kama da ita tun 2013. Kalifoniya kuma, saboda masu farautar hotunan taurarin fim, ta gyara tata a 2015. Amma da garin Newton na jihar Massachusetts ya ce kada a tashi ƙasa da ƙafa 400 a saman filin wani sai da yardarsa, alƙalin tarayya ya soke wannan sashe a 2017. Hujjar a fili take: tarayya ta hana wuce 400, gari ya hana ƙasa da 400, to a ina mutum zai tashi?

Tushen maganar ma kaji ne. A 1946 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shari'ar Causby, wani mai kiwon kaji a North Carolina da jiragen soja ke ratsawa ƙafa 83 kacal bisa gonarsa. Kaji suna firgita suna buga kansu da bango, har kusan 150 suka mutu. Kotu ta ce mai fili yana da haƙƙi a kan saman da ke dab da filinsa. Sai dai ba ta ja layi ta ce daga ƙafa kaza zuwa kaza ba, kuma a wannan giɓin ake ta fafatawa har yau.

Da na ba da labarin kajin nan, wata baiwar Allah ta ce to a kira shi shirwa kawai, tunda ai mun riga mun ce "jirgi mai saukar ungulu". Hajiya, kin burge ni. Sai dai shirwa ɓarauniya ce, mai amfani da na'urar wajen auna gona ko duba ambaliya ba zai yarda a haɗa shi da ita ba. Masu cewa mazari kuma, lallai akwai kama, amma rabin matasanmu ba su san ƙwaron ba, abin kaɗin auduga ma da ƙyar.

Mu da tsakar gidanmu ba ta da rufi ai mun fi kowa gane zancen. Katanga da zaure ne ke tsare mana mutunci. Mai gyaran kwano ma kafin ya taka tsani sai an aika yaro maƙwabta ya ce za a hau sama, mata su kimtsa. Wannan abin kuwa ba ya sallama, ba ya aiko yaro. Shi ya sa nake son suna mai faɗin abin da yake yi kawai, a bar wa alƙali ya ce leƙe ne ko aiki.

Ni dai na tsaya a kan ɗan shawagi. Jam'i 'yan shawagi, mai riƙe da rimot kuma matuƙin ɗan shawagi. Manyan na yaƙi su ci gaba da amsa "marar matuƙi" tunda kunne ya saba. Na san a bakin masu ɗaukar hoton biki "duron" ne zai ci gaba da yawo, ban isa in hana ba. Amma ga jimlata yanzu: "Matuƙin ɗan shawagi sai ya ci jarrabawar tarayya, in kuma ya leƙa gidan wani, dokar jiha ce za ta kama shi." Wanda ya ji ta yi masa tsami a kunne ya kawo tasa kafin Juma'a, ranar zan miƙa rubutun.