Neman shawara: rediyon Baba ya ƙi amsa wa kwamfuta

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a yi haƙuri da tsawon bayanin, abin ne ya hana ni barci. Mahaifinmu tun muna yara ba ya karyawa sai ya ji labaran safe, yanzu kuma idonsa ya yi rauni, ba ya ganin lambobin da ke fuskar rediyo. Rediyon ba ƙarami ba ne, Icom IC-R75 ne na marigayi Kawunmu, cikin kayan gwanjo ya saye shi lokacin yana aiki a Legas. Da ya rasu 'ya'yansa suka ce Baba ya riƙe, tunda tare suka tashi suna sauraro. Duk wanda ke Zamfara a watan Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya, ya san abin da akwati irin wannan ya yi wa mutane. Bayan isha'i ƙofar gidanmu cika take yi, kowa da tabarmarsa, ana jiran BBC ta takwas da rabi. Tun daga nan Baba ya daina yarda da labarin cikin waya, ya ce abin da za a iya kashe maka daga ofis ba naka ba ne.

To ni ke kama masa tasha. Yanzu aiki ya kai ni Ƙauran Namoda, sai ƙarshen mako nake dawowa. Yaran gida in sun taɓa sai su ɓatar da tashar, ko su danna wani maɓalli murya ta shaƙe, ya wuni ransa a ɓace. Na ga bayan rediyon akwai soket mai fil tara, na karanta cewa kwamfuta na iya sarrafa shi ta nan. Burina ta riƙa canza masa tasha da kanta, shida da rabi na safe, uku na rana, takwas da rabi na dare, ta kuma naɗa idan barci ya ɗauke shi. Na sayi kebul, na sa manhaja, amma ta ce ba ta ga rediyo ba. Me zan yi?

Mai gyara, Kasuwar Jega:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Wane irin kebul? Wace manhaja? Wane Windows? Ka ba mu tarihin Kawu, ba ka faɗi ko ɗaya ba.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Ƙanena, kafin ka amsa ma na san inda matsalar take. Laftof ɗin yanzu yawanci ba su da soket na siriyal, wato mai fil taran nan, don haka kebul mai kan USB ka saya, kuma irin na kasuwanninmu yawanci guntun lantarki (chip) na kamfanin Prolific ne a ciki, da yawa ma jabu. Buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da aka jona, ka duba ƙarƙashin Ports. In ka ga alamar rawaya da Code 10, ko ba ka ga lambar COM, wato lambar da Windows ke ba kebul ɗin, ba sam, to kwamfutar ko kebul ɗin ba ta karɓa ba, balle rediyo.

In lambar ta fito, kar ka jona rediyon tukuna. Samu 'yar waya ka haɗa fil na 2 da na 3 a bakin kebul ɗin, ka buɗe manhajar PuTTY, mai aika haruffa ta kebul, a kan wannan COM ɗin, ka danna haruffa. In suna dawowa kan allo, kebul na da rai. Na 3 ke aikawa, na 2 ke karɓa, na 5 shi ne ƙasa. Waɗannan ukun su ne jigon aikin. Yi wannan kafin ka saurari kowa.

Tsohon malami, Argungu:
Allah shi jiƙan Kawunku. Wanga magana ta tuna mini zamanin da munka tashi, Rediyo Najeriya Kaduna bisa mita 49, BBC kuwa tun 1957 take magana da Hausa. Batir huɗu ka sa, ka ja eriya, shi ke nan. Yanzu ni tawa damuwa ta fi taku. Tun da maƙwabcina ya sa sola da inbata, gajeren zango ya mutu a gidana, ƙara kawai daga safe har dare. Na yi mishi magana cikin mutunci, ya ce shi bai ga waya ta tsallako katangata ba. Sai na ɗauki rediyo na tahi bakin gulbi sannan in ji labarai. Wa ka kai wa ƙara irin wagga?

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Na gode Injiniya. Windows 11 ce. Na duba, ba lambar COM, wani rubutu ne a wurin da ke cewa an daina wannan samfurin guntun Prolific, PL2303HXA, tun 2012. Amma kebul ɗin ba jabu ba ne, a gabana mai shagon ya gwada shi da firintar rasit ta yi aiki, kuma mutum ne da muke salla masallaci ɗaya. Ina ganin daga rediyon ne, ƙila soket ɗin ya yi tsatsa.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Kwamfutar ta rubuta maka amsa da kanta kana cewa tsatsa. Ba wanda ya ce mai shago ya cuce ka, shi ma haka aka kawo masa. Tsohon Windows gare shi da tsohon direba, wato manhajar da ke sa Windows ya gane kebul, shi ya sa ya yi masa aiki. Naka sabo ne, sabon direban kuma ba ya karɓar wannan guntun. Nemi kebul mai guntun kamfanin FTDI ka huta. Na haɗa na'urori ta siriyal tun kafin wasu a nan su shiga sakandare, ban taɓa ganin wanda ya sayi mai kyau ya yi nadama ba.

Mai gyara, Kasuwar Jega:
Injiniya da girmanka, ba sai ya sake kashe kuɗi ba. Tsohon direba zai sauko da shi ya zaɓa da hannu, kebul ɗin ya tashi. Kullum muna yi wa masu shaguna. Kuma ni ina zargin wayar da ke tsakanin kebul ɗin da rediyo ce, wasu na'urorin mai gicciye suke so, wadda aka juya 2 da 3.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Tsohon direba zai yi aiki har ranar da Windows ya sabunta kansa cikin dare ya mayar da sabo, shi yana Ƙaura, tsoho na zaune yana jiran labarai. Wa zai gyara? Maganar gicciye kuma ba a yin ta da zargi, da mitar auna wuta ake yi. A kunna rediyo, baƙar wayar mita a fil na 5, ja a na 2, sannan a na 3. Fil ɗin da ke aikawa yana zama da wuta ƙasa da sifili ko ba ya aika komai, bolt biyar zuwa sha biyu galibi. A gwada haka a bakin kebul ɗin kwamfuta ma. In masu aikawan biyu sun faɗo kan waya ɗaya, kamar mutum biyu ne kowa na magana ba mai saurare, sai a juya. In ba su haɗu ba, a bar waya yadda take. Kuma kar wanda ya ce masa ya yanko wayar siriyal ya cusa a ƙaramin ramin nan na REMOTE. Wancan wutarsa ba ta wuce bolt biyar, sai da na'urar daidaitawa irin CT-17 ake shigarsa. Kuskure a nan ƙona rediyon marigayi zai yi.

'Yar Zuru:
Sannunku iyayena da yayyena. Ni ban san waya da fil ba, amma na duba littafin rediyon a intanet, yana da ma'ajiyar tasha 99, da maɓallin kulle abin juyawa, da agogon kunna kansa. Me zai hana ka ajiye tashoshin Baba uku ko huɗu, ka kulle, ka manna ɗan ƙyalle a kan maɓallin da zai riƙa dannawa yana ji da yatsa? Haka na yi wa kakata da 'yar Kchibo ɗinta. Laftof da za a bari a kunne kullum a gidan yara, ga wutar da ba ta zama, anya kuwa?

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Na gode 'yar'uwa, amma ba ki san Baba ba. Ba zai yarda a manna komai a jikin rediyon ɗan'uwansa ba, har mayafi gare shi na musamman. Kuma ma'ajiya ba ta naɗar shiri. Wuta kuma muna da sola.

Injiniya, maganar FTDI na tambaya a nan babu, sai an aiko daga Kano, kuma wannan watan ga kuɗin magani. Na ari tsohuwar laftof ɗin wani abokina mai Windows 7. COM4 ta fito, gwajin haruffa ma ya yi. Na jona, na buɗe manhajar sarrafa rediyo ta Ham Radio Deluxe, har yanzu shiru. Wani samfurin Icom, IC-718, na zaɓa a jerin, don a bidiyon da na kalla shi aka zaɓa kuma fuskarsu kusan ɗaya.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Fuska ɗaya ba ta sa suna ya zama ɗaya. Kowane samfurin Icom da lambar kiransa. Ta R75 daga kamfani 5A ce, ta 718 kuwa 5E. Kowane saƙo da FE FE yake farawa, sai lambar rediyo, sai E0 ta kwamfuta, sai umarnin, a rufe da FD. In lambar ba tasa ba ce ko kallon saƙon ba ya yi. Zaɓi sunansa na gaskiya. Sannan ka shiga saitin rediyon ka duba lambar, don kayan gwanjo ne, mai shi na farko na iya canza ta. Gudun saƙon kuma ka cire shi daga Auto, ka sa 9600 a rediyo, 9600 a kwamfuta. Ni ma da manhajar Hamlib zan ba ka shawara, rigctl ɗinsa da layi ɗaya yake canza tasha, sai ka ɗaura shi a Task Scheduler na Windows, mai kunna aiki a lokacin da ka sa masa. Ka kuma sani, manyan gidajen rediyon waje kan sauya lambobin tashoshinsu sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, jadawalin kuma da agogon GMT ake rubuta shi, mu muna gaba da awa ɗaya. Wanda zai riƙa gyara jerin dole a same shi.

Tsohon malami, Argungu:
Ka ce sola gare ku? To ka shirya ma abin da ni ka sha. Kuma damina na tahe, a riƙa cire eriya in hadari ya taso. Tsawa ta taɓa cinye mini rediyo da talabijin dare guda, ba wanda ya biya ni.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Alhamdu lillahi an samu motsi. Na sa 5A da 9600, lambar tashar ta fito a kan laftof, na juya daga can rediyon ya bi. Har na kira Baba ya taɓa ya ji ba hannun kowa a kai. Sai dai da na jona cajar laftof ɗin, mita 31 da 25 duk suka cika da ƙara, muryar mai labarai ta nutse. Na cire caja ta ragu, amma ba ta tafi ba sai da na zare kebul ɗin gaba ɗaya. Batirin laftof ɗin kuma ba ya riƙe wuta. Baba ya ce a cire masa wannan abin, shi labarai yake so.

Mai gyara, Kasuwar Jega:
Cajar ce, 'yar kanti ce ba ta asali ba. Ka samo zoben baƙin ƙarfen nan da ke jikin wayar tsohon allon kwamfuta, ka naɗa kebul ɗin a ciki sau uku ko huɗu, a kan wayar caja ma haka.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Zobe zai rage, ba zai kashe ba. Eriyarsa ce a cikin ɗaki, na tabbata. A fitar da ita tsakar gida nesa da inbata, a shigo da ita da waya mai sulke irin ta dish, a kafa ƙarfe a ƙasa mai laima a ɗaure rediyon da shi. Kuma har yanzu ina kan bakana, kebul mai arha shi kansa ƙara yake fitarwa.

'Yar Zuru:
Yaya, shi mai rediyon fa ya faɗi abin da yake so.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Ya faɗa ne don ƙarar, in ta tafi zai so abin, ni na san mahaifina. Eriya ba zan iya fitar da ita tsakar gida ba, nan mata ke shanya kuma gidan ba namu kaɗai ba ne. Kebul ɗin kuma ai ga shi ya yi aiki, ban ga dalilin sake saye ba. Abokina na son laftof ɗinsa ranar Litinin. Akwai wanda ya san yadda ake hana Windows 11 taɓa tsohon direba? In an samu wannan sai in koma tawa, ƙila cajarta ba ta ƙara.

Mai gyara, Kasuwar Jega:
Akwai hanya, amma sai na ga ko Windows ɗinka Home ce ko Pro. Turo hoton.

Tsohon malami, Argungu:
Injiniya, wanga zobe da anka ambata, in an naɗa shi ga wayar inbatar maƙwabci yana aiki? In yana yi ni zan saye da kuɗina in kai mishi.