Neman shawara: ta ina zan fara gyara cimar gidana?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu shida ne a gida, ni da maigida da yara huɗu, babban shekararsa 14, autar kuma 3. Likita ya ce jinin maigida ya fara hawa, yaro na biyu kuma ƙiba ta fara yi masa yawa. Na taɓa soke lemon kwalba da soye-soye lokaci guda, ba a je ko'ina ba aka koma gidan jiya. Don Allah ta ina zan kama? Motsa jiki fa, ga aiki ga makaranta?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Abin da ya kayar da ke shi ne sauya komai rana ɗaya. Ɗauki abu guda, ki ba shi mako biyu ya zauna, sannan ki ƙara wani.

Fara da abin sha. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan ƙaramin cokali 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Ba sai kin kafa doka ba, ki daina sayo shi katan-katan kawai, ki ajiye ruwan sanyi inda hannu zai kai. Ruwan 'ya'yan itace na kwali ma sukari ne, gara yaro ya ci ɗan itacen da kansa.

Sai gishiri, shi ne ya fi shafar maigida. Ƙa'idar ita ce ƙasa da giram 5 a yini, bai cika ƙaramin cokali ba, kuma har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen ɗanɗano, abincin gwangwani da burodi. In kika zabge shi gaba ɗaya, miya za ta yi salam, su ƙi ci. Ki riƙa rage kwata duk mako, kina cike gurbin da albasa, tafarnuwa, citta da lemon tsami, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Kada ki sayi gishirin nan mai sinadarin fotasiyam sai likita ya yarda, yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini. Kuma in an ɗora maigida a kan magani, kada ya ajiye don an gyara abinci.

Masaniyar abinci:
Ƙari a kan haka, ki duba zubi. Rabin faranti ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kwata shinkafa ko wani hatsi. Mai kuma da cokali ake auna shi, ba a tsiyayowa daga galan, babban cokali ɗaya kalori 120 ne. Ganye a ƙarshe ake zuba shi, in ya daɗe a wuta amfaninsa ya ragu, ɗanɗanon ma ya mutu.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne tukunya ɗaya ga kowa. Kada a ware wa yaron nan mai ƙiba abinci, kada a kira shi da sunan tsokana, ko da wasa. Yaron da aka kunyata ɓuya yake yi ya ci. Yaro mai girma ba a sa shi yunwa don ya rame, sai dai likita ya auna tsayinsa da nauyinsa ya faɗi abin yi. Auta kuwa tana iya ƙin sabon abu sau goma ko fiye kafin ta karɓa. Ki sa mata loma biyu a gefe, ta ga kina ci, ba tilas, ba alkawarin alewa.

Mai horar da 'yan wasa:
Hajiya, babban mutum yana buƙatar motsa jiki na minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, yara daga shekara 5 zuwa 17 kuma awa ɗaya kullum, wasan guje-guje da ƙwallo duk suna cikin lissafi. Ku fara da tafiyar minti 10 bayan cin abincin dare, ku ƙara biyar duk mako. Ma'aunin sauri: kuna iya magana amma ba ku iya rera waƙa. Masu fara gudu ranar farko su ne ciwon gwiwa ke zaunar da su. In maigida ya ji ƙirji ya riƙe ko jiri, a tsaya a nufi asibiti.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Sai dai maigida ba ya ko kallon ganye.

Masaniyar abinci:
To ki yanka ƙanana ko ki markaɗa cikin miyar da ya riga ya saba da ita, hannu ɗaya a makon farko, biyu a na gaba.