Gashin furoton ko na kabon ga kodoma ta gindin ƙoƙon kai?

Ummu Sadik:
Assalamu alaikum. An yi wa yayana tiyatar wani ƙari mai suna kodoma a gindin ƙoƙon kai, amma likitoci sun bar wani ɓangarensa saboda kusancinsa da tushen ƙwaƙwalwa, sai suka ba da shawarar a yi masa gashi, wato ƙona ƙarin da haske, da furoton ko kabon maimakon gashin da aka saba. Me ya bambanta su, kuma bambancin ya kai a yi doguwar tafiya dominsa?

Abu Hanan:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Hasken eksire da ake gashi da shi yana ratsa jiki ya fita ta ɗaya gefen, yana taɓa duk abin da ke kan hanyarsa, shi kuwa furoton, wato ƙananan ƙwayoyi na cikin ƙwayar zarra da ake harbawa kan ƙarin, yana sauke mafi yawan ƙarfinsa a zurfin da aka auna masa, sannan ya tsaya. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Robert Wilson, ne ya kawo shawarar yin magani da furoton a 1946. Dalilin da ya sa kodoma ke cikin cututtukan da aka fi yi wa wannan gashi shi ne tana buƙatar fiye da girei 70 (girei shi ne ma'aunin yawan hasken gashi), alhali tushen ƙwaƙwalwa da jijiyoyin gani, waɗanda ke dab da ita, ba a son su wuce kimanin 54. A ganina, a irin wannan wuri tafiyar ta cancanta.

Yaya Babba:
Malam Abu Hanan ya yi bayani, sai dai kabon, wato ƙwayoyin sinadarin kabon da ake harbawa kamar furoton, na da nasa hukuncin. Ya fi furoton nauyi, ɓarnar da yake yi wa ƙwayoyin cutar kansa takan ninka ta eksire sau 2 zuwa 3, shi ya sa ake zaɓarsa ga cututtuka masu taurin kai, irin su kansar adenoyid sistik ta gaɓoɓin yawu da kansar melanoma ta cikin hanci. An fara amfani da shi a Chiba ta Japan a 1994, cibiyar Heidelberg ta Jamus ta buɗe a 2009, akwai kuma wata a Pavia ta Italiya. Amma 'yar'uwa, kada a ɗauka mafi ƙarfi shi ne mafi alheri: waɗannan cututtuka ba su da yawa, don haka gwaje-gwajen da suka kwatanta hanyoyin biyu kai tsaye kaɗan ne, kuma dukansu na iya illata ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke gefen kunne bayan watanni ko shekaru.

Maman Iman:
Ku tambayi likitan ko an sa masa ƙarfe a wuya lokacin tiyata, domin ƙarfe na dagula lissafin inda furoton zai tsaya. Haka ma rama ko toshewar kogunan hanci a tsakiyar magani kan sa a sake ɗaukar hoto a gyara tsarin gashin. Ku aika wa cibiyar hotunan MRI na kafin tiyata da na bayanta, da sakamakon gwajin ƙarin, tun kafin ku yi shirin tafiya.