Na kama yarinyata da littafin soyayya, ni kuma na kwana ina karanta shi

Salam 'yan uwa, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 39, yarana huɗu, babbar tana aji biyar a sakandare. Shekaranjiya na karɓi wayata a hannunta (ba ta da tata, da tawa take aikin makaranta) sai na ga ashe littafi take karantawa a WhatsApp, irin wanda ake turowa shafi shafi kullum. Na ce bari in duba kafin in yi faɗa, wallahi sai kiran assalatu na ji, ina zaune a falo waya na jikin caji, har da hawayena, ni uwar 'ya'ya. Kunyar kaina nake ji har yanzu.

Labarin wata 'yar shekara 16 ce aka aura wa ɗan masu kuɗi miskili, ba ya magana, ba ya dariya, ya mare ta har sau biyu, ya kulle ta a ɗaki, wai duk kishi ne da so da ya kasa furtawa, ƙarshe ya kwanta asibiti saboda ita kowa ya yafe. Babu batsa sosai gaskiya, amma marin nan ya tsaya min a rai, ni na zauna da maƙwabciya da aka yi wa irinsa kuma ba a asibiti ya ƙare yana kuka ba. Matsalar ita ce 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, ta ina zan fara? In hana ta wayar ne ko in gaya wa babanta?

Maman Biyu: Hajiya kar ki kai wa babanta tukuna, maza ba sa bin abu a sannu, zai fasa waya ya ce a cire ta daga makaranta ki zo kina da na sani.

'Yar Fagge: Hhhh Anti ki daina jin kunya, mu nan da su muka girma. Haya muke karɓowa wajen mai shago a unguwa, mu saka a tsakiyar littafin lissafi malami na gaban allo muna can wata duniya, na ɗaya ya ƙare a daidai inda ya fi daɗi sai ka nemo na biyu da na uku. A 2007 lokacin Malam Shekarau har ƙona littattafan aka yi a Kano ƙarƙashin shirin gwamnatinsa na gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu, an daina karantawa? Ƙaura kawai suka yi daga kasuwar Sabon Gari zuwa waya. Bambancin dai na da sai ya bi ta hannun maɗaba'a, ga hukumar tace fina-finai da ɗab'i a gefe, na yanzu kuwa yarinya ce a ɗakinta take bugawa ta tura, wata ma ba ta girmi 'yarki ba, a tura mata kuɗi ko katin waya a saka ki a guruf, babu mai dubawa.

Abu Safwan: Ku mata kuna wasa da wuta. A karɓe wayar kawai a saka ta hadda, shi ke nan.

'Yar Fagge: Malam wayar ƙawarta fa? Ita ma za ka je ka karɓe?

Malama daga Zariya: Ni Hausa nake koyarwa, kuma wallahi waɗanda suka fi iya karatu ba gargada a ajina masu karanta littattafan nan ne, don haka ban goyi bayan hanawa kwata-kwata ba. Abin da ya dame ki shi ne daidai, marin. Yarinya ta karanta goma irinsa sai ta ɗauka duk wanda ya daka mata tsawa sonta yake. Tunda akwai alkunya tsakaninku ki nemo ƙanwarki ko goggonta da suke wasa, ta karanta ita ma, su yi hirarsa kamar hirar fim, ta tambaye ta da ke ce za ki zauna? Ki ji amsar ta bayan fage. Sannan ki shiga guruf ɗin da lambarki ki ga me ake turowa, wasu akwai na kuɗi daban da ake cewa na matan aure ne kawai, wannan kam a raba ta da shi yau ba gobe ba.

Mai tambaya: Na gode Allah ya bar zumunci. Na kira autarmu za ta zo ranar Asabar. Na duba guruf ɗin, na ga sanarwar na matan auren, ba ta shiga ba alhamdulillah. Malama sai dai ɗazu da na ce ta miƙo min wayar ta ce Umma ai an turo shafi na 41, na ga kin tsaya a na 40. Ban san sanda na ce ta je ta duba min tukunya ba.