Atanasiyus na Iskandariya: jarumin bangaskiya ne ko mai taurin kai?

Ladi: Salama, 'yan'uwa. Ina karanta tarihin ekklisiya ta farko, kuma labarin Atanasiyus, bishop na Iskandariya a Masar, ya tsaya mini a rai. Ya hau kujera a 328, ya rasu a 373, amma a tsakani sau biyar ana korarsa daga garin, jimilla wajen shekara 17 yana gudun hijira. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, cikin sarakunan Rum huɗu da suka kore shi, uku Kiristoci ne, Juliyan kaɗai ne mai bautar gumaka. In gaskiya ya riƙe, me ya sa nasa suka fi kowa tsananta masa? Ina girmama shi ƙwarai, shi ya sa nake son jin gaskiyar lamarin.

Malam Dauda: 'Yar'uwa Ladi, rigimar ta girmi bishop ɗin. Ariyus, wani limamin coci a Iskandariya, ya koyar cewa Yesu, Ɗan Allah, halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Majalisar Nikiya ta 325, babban taron shugabannin ekklisiya, ta ƙi wannan koyarwa, lokacin Atanasiyus yana dikin, yana rakiyar Iskandar, bishop na Iskandariya kafin shi. Daga baya Sarki Kwanstantin ya so a mai da Ariyus cikin ekklisiya don a zauna lafiya, Atanasiyus ya ce ƙafarsa ƙafar Nikiya.

Amma ki lura, ba da tauhidi aka kayar da shi ba. A majalisar Taya ta 335 cewa aka yi ya kashe wani bishop, Arseniyus, har aka kawo busasshen hannu wai na mamacin ne. Masu tarihin ekklisiya sun rawaito cewa ya shigo da mutumin da ransa, lulluɓe da mayafi, ya buɗe hannu ɗaya, ya buɗe ɗayan, duk lafiya lau. Da wannan ta ƙi ci, sai aka gaya wa sarki yana barazanar hana jiragen alkama tashi daga Masar zuwa Kwanstantinoful. Nan take aka tura shi Tiriya, a Jamus ta yau.

Bulus: Malam, a yi masa adalci, a yi wa abokan hamayyarsa ma. Yawancin labarin nan daga alƙalaminsa da na magoya bayansa muka samo shi. Akwai wasiƙar da aka gano a Masar, wadda wani mabiyin Melitiyus, bishop ɗin da ya ɓalle da tasa ɗariƙar a Masar, ya rubuta yana kukan yadda mutanen Atanasiyus suka lakaɗa wa 'yan ɗariƙarsu duka, aka kulle wasu. Mutum ne mai hannun ƙarfe. Ina karɓar koyarwarsa, halinsa kuwa da sauran magana.

Ladi: Na gode, Malam. Ɗan'uwa Bulus, wannan wasiƙa ta sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Sai dai ina tunanin daren nan na 356 da sojoji suka afka cocin Tiyonas ana tsakar sujada, ya sulale, ya yi shekara shida yana ɓuya, galibi wurin masu zuhudu a hamada, ba wanda ya tona shi. Mutumin da tsoro kaɗai ya tara wa jama'a, da wuya su rufa masa asiri haka.

Mama Rifkatu: 'Yata, ƙara da wannan. Wasiƙarsa ta Ista ta 367 ita ce ta farko da muka sani da ta jera littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda suke a hannunmu. Shi ya naɗa Furumentiyus bishop na farko a Aksum, aka dasa ekklisiyar Habasha. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, suna lissafa shi na 20 a kujerar Markus, kujerar bishop na Iskandariya. Kuma shekara takwas bayan rasuwarsa, majalisar Kwanstantinoful ta 381 ta tabbatar da bangaskiyar Nikiya da ya sha kora a kanta.