Farfaɗo da kududdufan Kano: da yashe laka za a fara, ko da nemo wurin kai kayan masai?

Ɗalibin Tsara Birane

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a fannin tsara birane, kuma aikina na kammala karatu shi ne in tsara yadda za a farfaɗo da ɗaya daga cikin manyan kududdufan da suka saura a cikin birnin Kano. Wanda na zaɓa a bayan gidanmu yake. Mahaifiyata ta sha ba ni labarin cewa da ƙuruciyarta mata suna wanki a bakinsa, yara kuma suna kama tarwaɗa idan ruwa ya ja baya da rani. A yau ruwan ya yi kore shar saboda gansakuka, kainuwa ta rufe kusan rabinsa, lambatun gidajen da ke kewaye duk a cikinsa suke ƙarewa, sannan kowace shekara bakinsa sai ƙara matsowa yake yi, domin ana jibge shara har ta taurare ta zama filin da za a kafa tubali.

Tsarin da na fara rubutawa shi ne a kawo katafila a yashe lakar, a kwashe kainuwar, a yi wa ruwan shinge, a dasa bishiyoyi da dakalin zama. Sai ga shi makon jiya, ina dawowa daga sallar asuba, na tarar da masu kwasar masai, waɗanda muke kira gidan kowa da akwai, sun tsayar da kura mai ɗauke da duro uku suna juye abin da suka kwaso a bakin ruwan. Na yi musu magana cikin ladabi, sai babbansu ya dube ni ya ce, "Malam, to ina za mu kai?" Na tsaya shiru ban ba shi amsa ba, kuma tun daga ranar tsarin nawa ya daina kwanta mini a rai.

Tambayata ga masana ita ce, da me ya kamata a fara: da yashe ruwan, ko da samar da wurin da za a riƙa kai kayan masai da sokawe? Sannan lakar da aka yaso daga ƙasan kududdufin, ina ya dace a kai ta?

Injiniyan Ruwa

Wa alaikumus salam. Malam ɗalibi, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka saurari mutumin nan, domin tambayar da ya yi maka ita ce ya kamata ta zama babin farko na aikinka.

Abin da yake kashe kududdufi ko tafki a cikin gari shi ne abincin da ke kwarara cikinsa, wato sinadaran fosforas da naitirojin da ke cikin bayan gida da fitsari da ruwan wanke-wanke. Waɗannan su ne takin gansakuka da kainuwa. Idan suka yi yawa suka mutu, sai su nutse su ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar oksijin da ke cikin ruwa, kifi ya mutu, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi. Muddin wannan taki yana shiga kullum, duk lakar da ka yashe za ta sake taruwa, kuma kainuwar da ka kwashe za ta dawo kafin damina ta zagayo.

Misalin da muke yawan bayarwa shi ne na tafkin Washington da ke gefen birnin Seattle a Amurka. A shekarun 1950 matatun ƙazanta wajen goma ne suke zuba ruwansu a cikinsa, har gansakuka ta fara mamaye shi. Wani masani a jami'ar garin, W. T. Edmondson, ya nuna cewa fosforas ne tushen cutar. A 1958 jama'a suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da kafa hukumar da za ta ɗauki nauyin aikin, kuma tsakanin 1963 da 1968 aka karkatar da magudanan baki ɗaya daga tafkin. A 1964 idon mutum ba ya iya ratsa ruwan ko da mita ɗaya, amma zuwa 1968 ana gani har wajen mita 3, kuma ruwan ya ci gaba da garai bayan haka. Ba da yashe laka aka cim ma wannan ba, toshe hanyar ƙazanta aka yi.

Sai dai kada ka kwafi wannan ido rufe. Zurfin tafkin Washington ya haura mita 60, kududdufinku kuwa 'yan mitoci ne. A ruwa marar zurfi, fosforas ɗin da ya daɗe yana kwance cikin laka yakan riƙa tasowa a lokacin zafi idan oksijin ya ƙare a ƙasa, don haka ruwan zai iya shafe shekara goma ko fiye yana kore bayan an tare ƙazantar. Saboda haka yashe yana da muhallinsa, amma a mataki na biyu, kuma a ƙarshen rani, wajen Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ya ja sosai.

Yanzu ga amsar da za ka ba mai kura. Mafi yawan gidajen Kano ba su haɗe da babban bututun ƙazanta irin wanda ke kai ruwan wasu sassan Abuja zuwa matatar Wupa. Masai da sokawe muke da su, kuma kowane rami wata rana zai cika. Abin da ya dace da mu shi ne wurin sarrafa kayan rami, kuma ba ya buƙatar injuna masu tsada. Mota tana juyewa ta cikin ragar ƙarfe da ke tare leda da tsumma da kwalabe, kayan su shiga tankin da mai kauri zai kwanta, daga nan a baza shi a kan gadon busarwa, wato fili mai katanga da aka shimfiɗa wa tsakuwa da yashi, da bututu a ƙarƙashi mai janye ruwan da ya tsatso. Idan kaurin shimfiɗar bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, ranar Kano da iskar hunturu za su busar da shi cikin mako biyu ko kusa da haka. A Yuli da Agusta kuwa sai an yi wa wasu gadajen rumfa. Ruwan da ya tsatso shi kuma a bi da shi ta jerin tafkunan tacewa kafin a sake shi.

Abin da masu tsari suke yawan mantawa shi ne nisa. Mutumin da ke tura kura da ƙarfin ƙirjinsa ba zai yi tafiyar kilomita goma ba, ko da an yi masa barazanar tara. Dole a sami ƙaramin tanki a rufe cikin unguwa inda zai juye, mota ta zo ta ɗauke zuwa bayan gari. A birnin Wuhan na ƙasar Sin, wanda ya shahara da yawan tafkuna, aikin da Bankin Raya Asiya ya ba wa rancen dala miliyan 100 a 2010 ya haɗa sarrafa dagwalon matatu da gyaran tafkuna da magudanansu a cikin tsari guda, kuma ni ma a takarda guda nake so in ga ka haɗa su.

Ɗan Nima

Ina yi wa Injiniya godiya, kuma zan ƙara da abin da muka gani da idonmu a Accra. Ni a Nima aka haife ni, kuma babbar kwatar da ta ratsa unguwarmu a kogin Odaw take zuba, shi kuma ya ƙare a tafkin Korle da ke bakin teku. Tun wajen shekarar 2000 ake aikin farfaɗo da tafkin nan, an yashe shi ba sau ɗaya ba, amma da yake yashi da shara da ƙazantar da ke gangarowa daga sama ba su tsaya ba, sai ya sake cikewa. Wanda ya tsaya a kan gadar wurin 'yan watanni bayan an yashe zai ga leda da robobi sun sake yin tsibiri. Daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a gidan man da ke kusa da shataletalen da ake kira Circle a Accra, mutane fiye da 150 suka rasu, kuma toshewar magudanai tana cikin abin da ya jawo ruwan ya yi wannan ɓarnar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

A gefe guda kuma akwai wurin da ake kira Lavender Hill, inda motocin kwasar sokawe suka shafe shekaru suna juye kayansu kai tsaye cikin teku, har mai wucewa a mota sai ya rufe gilashi. A ƙarshen 2016 aka buɗe matatar sarrafa kayan rami a wurin, direbobi suka sami inda za su kai. Wannan gyaran ya fi kama jiki a ganina, domin wurin zubarwa aka fara samarwa kafin a ce wa mutane su daina.

Shawarata ga ɗan'uwa ɗalibi ita ce ka ɗauki takarda ka bi kowane lambatu da ke shiga kududdufin da ƙafarka har zuwa gidan da ya fito, domin gyaran tafki daga can sama yake farawa.

Ɗan Lambu

Malamai, ku yi mini afuwa, zan kawo wani ɓangare da ba a taɓo ba. Mahaifina manomin rani ne a bakin rafin Jakara wajen Kwakwaci, kuma da wannan ruwan da kuke kira ƙazanta muke shayar da latas da alayyahu da kabeji da karas, da shi aka biya mini kuɗin makaranta. Manoma sun san ruwan yana da ƙarfi, shuka tana yin kore ba tare da takin zamani mai yawa ba. Mun kuma san illarsa, domin na ga yadda ƙafafun mahaifina suke tsagewa da ƙaiƙayi, kuma a ƙasa da mahaɗarsa da rafin Getsi, inda ruwan masana'antun Bompai yake shigowa kafin a isa dam ɗin Wasai a Minjibir, launin ruwan ma yakan sauya.

Idan za a tare ƙazanta daga ruwa, to a tuna cewa akwai masu ci daga gare shi. Kano tun kaka da kakanni tana fitar da taki daga cikin birni a kan jakuna zuwa gonakin kewaye, kuma da wannan ne ƙasar ta jure noma shekara da shekaru ba hutu. Shin busasshen kayan da Injiniya ya ambata zai iya dawo mana a matsayin taki mai araha? Idan zai yiwu, manoma da kansu za su zama masu gadin aikin. Idan kuwa ba za a yi da mu ba, ina tsoron a wayi gari an fasa bututu da dare don a sami ruwan ban ruwa.

Malamar Lafiya

Malam Ɗan Lambu, maganarka tana kan hanya, Allah ya ƙara wa mahaifinka lafiya. Zai yiwu, amma da sharaɗin da ba a sassautawa. Busarwa kaɗai ba ta kashe ƙwan tsutsar ciki, wanda yakan rayu shekaru a cikin ƙasa, kuma mu a asibiti muna ganin yaran da cikinsu ya kumbura saboda ita. Sai an cakuɗa busasshen kayan da sharar kasuwa mai ruɓewa, irin ganye da ɓawon kayan miya, a tara shi tsibi-tsibi ana juyawa, har zafin cikinsa ya haura digiri 50 na tsawon mako guda aƙalla, kamar yadda ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ta tanada, sannan a bar shi ya nuna na wasu makonni. Takin da ya nuna ƙamshin ƙasar farkon damina yake yi. Ko da hakan, na fi son a fara da gonakin dawa da masara da bishiyoyi kafin a kai ga latas da ake ci ɗanye.

Lakar ƙasan ruwa kuwa hukuncinta dabam ne. Dole a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji kafin a loda ko tifa ɗaya zuwa gona, domin inda ruwan majema ko na masu cajin batir da masu rini ya taɓa shiga, ana iya samun ƙarafa masu guba irin kromiyam da dalma, kuma zafin taki ba ya kawar da ƙarfe. Irin wannan lakar sai a binne ta a wurin da aka daɓe ƙasansa, nesa da rijiyoyi.

Ina kuma roƙon ɗalibi ya sanya masu kwasar masai cikin tsarinsa da sunan ma'aikata. A yi musu rajista, a ba su takalman roba da safar hannu da abin rufe hanci da allurar riga-kafi, a samar musu da famfon zuƙo kaya don su daina shiga rami da jikinsu. Jigawa ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili a 2022, kuma duk inda aka ƙara gina masai, aikin waɗannan bayin Allah ƙaruwa yake yi.

Ɗalibin Tsara Birane

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya saka da alheri. Jiya na bi shawarar Malam Ɗan Nima, na zagaya kududdufin da ƙafa, na ƙirga lambatu goma sha ɗaya, uku daga cikinsu kai tsaye daga banɗaki suke fitowa. Na kuma nemo babban masu kurar nan ta hannun mai unguwarmu, kuma ya amince ranar Asabar bayan la'asar zai zauna da ni ya faɗa mini rami nawa suke kwashewa a mako, da nisan da za su iya tura kura, domin da wannan lissafin zan fitar da girman tankin unguwa da wurin da ya dace a kafa shi.