Mota ta daɗe a ajiye, an taka birki tana karkarwa: ina matsalar take?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, masana. Mota ce lafiyarta lau aka ajiye, ta yi wata biyu ko uku ba a motsa ta ba. Ana fitowa da ita, da an taka birki sai ta hau karkarwa. Wasu sun ce faifan birki ne ya lanƙwashe. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya saba gani, kafin a sa mutum sayen kayan da ba ya buƙata.

Makaniken birki: Wa alaikumus salam, Malam. Faifai ba ya lanƙwashewa don mota na tsaye, a cire wannan a rai. Tsatsa ce. Ƙarfen faifai kwana ɗaya cikin danshi ya ishe shi ya yi ja. Fuskarsa duka za ta yi tsatsa, amma wurin da fad, wato takalmin birkin da ke matse faifan, ya danne ba zai yi daidai da sauran ba. Cire taya ka haska fitila, za ka ga shatin fad ɗin raɗau a jikin faifan, kamar an buga hatimi. Duk zagayen da taya ta yi sai fad ya bi ta kan wannan shati, riƙon ya canza, shi ne bugun da ƙafarka ke ji.

Kafin ka kwance komai, samu titi marar cunkoso. Kai kilomita 60 a awa, taka birki da matsakaicin ƙarfi ka sauko zuwa 10, amma kada ka tsaya cak. Maimaita sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiyar minti biyar ba birki don ya huce. Kada ka tsaya ka danne birki faifai na da zafi, wani sabon shatin za ka bari. Tsatsar sama da haka take tafiya. Idan bayan kwana biyu ko uku ana hawa ba ta ragu ba, to ta ci ƙarfen.

Tsohon direba: Gaskiya ne, Oga. A kuma lura da inda rawar take fitowa. In sitiyari ne ke rawa a hannunka, birkin gaba ne. In a kujera da jikin mota kake ji, duba na baya. Kuma wanda ya ja hambirki ya bar mota wata da watanni, shu, wato takalmin birkin da ke cikin gangar tayar baya, na iya mannewa da gangar, ka ji "ƙas" a tashin farko. Ajiya mai tsawo, waigi ake sa wa a taya, a bar ta a giya.

Mai faci: Ku gafarce ni, a fara tabbatar da cewa birkin ne. Tayar da ta daɗe a waje ɗaya, musamman iska ta ragu, gefen da ke ƙasa yakan baje. Ita wannan karkarwar ko ba ka taɓa birki ba tana nan, kuma tana raguwa idan taya ta ɗau zafi bayan kilomita 20 ko makamancin haka. A cika iska daidai da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba.

Injiniya: In karkarwar ta ƙi tafiya, sai awo, ido ba ya gani. A auna kaurin faifai da maikuromita, wato ma'aunin kauri, a wuri takwas zagaye, kamar milimita 10 daga baki. Bambancin milimita 0.02 kacal ya isa ƙafa ta ji. Sannan a kafa agogon awo a juya faifan: yawancin ƙananan motoci ba sa son layinsa, wato kaɗawar da yake yi gefe da gefe, ya wuce milimita 0.05. A jikin faifan akwai rubutu MIN TH, wato mafi ƙarancin kauri. Idan feraye shi zai kai ƙasa da wannan, canji ne, kuma hagu da dama tare, da sababbin fad.

Inda aka fi yin kuskure, kuma abin yana damuna, shi ne a ɗora sabon faifai kan hob mai tsatsa, wato ƙarfen da faifai da taya ke zama a kai. Ɗan ɓarɓashi a nan ya karkata faifan, bayan 'yan watanni karkarwa ta dawo a ce kaya ne marasa kyau. A goge hob da burushin ƙarfe har ya yi sheƙi, a ɗaure notocin taya a tsallake-tsallake da sifana mai auna ƙarfi, gwargwadon littafin motar.

Makaniken birki: Na manta da kalifa, Injiniya, wato abin da ke riƙe fad yana matse su kan faifai. Fil biyun da take zamewa a kai sukan ƙafe idan mota ta zauna. Alamarsa, bayan tafiya ka kusantar da hannu kusa da kowace taya, ba tare da ka taɓa ba, ɗaya za ta fi zafi, wani lokaci da ƙauri, mota kuma na jan gefe. A zare fil, a wanke, a shafa giris na silikon. Giris na yau da kullum kumbura robar yake yi. A duba bayan fad ma, tsatsa kan raba shi da farantinsa, irin wannan ba a komawa titi da shi.

Mai wayarin: In kuma karkarwar mai sauri ce da ƙarar "grrr" daf da tsayawa, ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ke shiga ba dalili. Tsatsa ta taru ƙarƙashin sensa mai auna gudun taya ko a haƙoran zoben da take karantawa. A cire sensar a tsabtace mazauninta. Man birki kuwa yana shan danshi ko mota na tsaye, in ya wuce shekara biyu a zubar a sa sabo, irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4.